Ra'ayinmu: Jar akuyar Maraɗi na jiran masu bincike

Duk mai sana'ar kilishi, nono, cuku ko fata ya san cewa in dabba ta kwanta, kasuwa ma ta kwanta. A shekarar 2016, zazzaɓin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaraden cikin jahar Tawa, dabbobi suka yi ta ɓari, mutane suka rasu. Ciwon bushiya kuwa, da ya ƙarar da garkunan kakanninmu, bincike da rigakafi ne suka kawar da shi daga duniya a shekarar 2011. Yanzu an sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da annobar awaki da tumaki.

Wannan aiki na masu ilimi ne, shi ya sa muke jan hankalin iyaye kan guraben digirin digirgir a fannin lafiyar dabbobi da ilimin gadon iri. Wasu guraben suna zuwa da tallafi: a biya kuɗin makaranta da na bincike, a ba ɗalibi na abinci kowane wata, shekara 3 ko 4. Cibiyar ILRI ta Nairobi tana karɓar irin waɗannan ɗalibai. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ma an buɗe cibiyar CERPP mai nazarin nama, madara da fata.

Abin bincike kuwa yana ƙofar gidanmu. Ga jar akuyar Maraɗi mai yawan haifar tagwaye, wadda fatarta ta yi suna har Turai. Ga saniyar Azawak da ake kiwo a Tukunus saboda nononta, ga tumakin balami da ke ƙawata kasuwar layya. In aka bar su suna cakuɗa barkatai da kowane iri, abin da ya sa suke tsada zai gushe, kuma mu ƴan kasuwa za mu fara ji a aljihu.

Don haka muna kira ga hukumomi su riƙa sanar da guraben a rediyo da Hausa, tun wa'adi bai wuce ba. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da mahauta su ɗauki nauyin ɗalibi ko da ɗaya ne. Iyaye mata, ku ƙarfafa wa ƴaƴanku mata gwiwa, tunda akuyar gida a hannunku take. Ku kuma yi hattara da duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi.

Wanda ya samu ya tafi, muna roƙonsa ya dawo gida da iliminsa. Garke na nan na jiransa.