FILIN MASU ABIN HAWA: Fitilar Babur Mai Kawowa Tana Ɗaukewa

A cikin dukan cututtukan da ke kama babur, da wuya a sami mai ban haushi kamar na fitilar gaba wadda ba ta mutu ba, ba ta kuma yi rai ba. Wadda ta mutu ɗungum ta hutar da mai ita, domin ya san matsayinsa, zai nemi gyara tun rana ba ta faɗi ba. Amma wannan sai ta bari an yi sallar lisha, mutum ya kama hanyar gida, ya zo daidai kwana ko bakin gada, sa'an nan ta ɗauke, ga kuwa babbar mota tafe wadda direbanta bai san da kowa a gabansa ba. Kafin ya gama salati ta kawo. Gari na wayewa in ya kai ta wurin bakanike sai ta zama mumina, a kunna a kashe sau goma tana haske tar, har bakanike ya soma duban mai babur kamar wanda ya yi mafarki.

Galibi abin da ke biyo baya shi ne a canja ƙwan fitila, a karɓi kuɗi, a yi sallama. Bayan kwana biyu a tarar tsugune ba ta ƙare ba, a koma a canja batir. Alhali kuwa rabin maganin yana hannun mai babur, tun da shi kaɗai ne ya ga lokacin da abin ya faru. Tilas ne ya lura da yadda fitilar ke ɗaukewa: a kan gargada ne, ko sa'ad da ya karya kan babur, ko kuwa sai inji ya yi zafi? Ita kaɗai ke mutuwa, ko tare da danja da ham? Ful da dim duka ne, ko ɗaya? Bakaniken da aka kawo wa waɗannan amsoshi an rage masa aikin wuni guda.

Ya kamata kuma a san inda fitilar ke shan wuta, domin babura iri biyu ne. A wasu, musamman ƙanana, wutar tana fitowa ne kai tsaye daga koyil na cikin inji, shi ya sa haske ke ƙaruwa in an murɗa totur, ya rage in an sassauta, kuma fitilar ba ta kamawa sam sai inji na aiki. Irin wannan babur ko an saya masa sabon batir ba a taɓa ciwon ba. A wasu kuwa daga batir take sha, ta cikin fis da makulli. Baburan da ma'aikata suka yi ta saye da kuɗin Udoji a 1975, su Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa, yawancin ƙananansu wuta mai ƙarfin bolt 6 gare su. Na yanzu, irin su Bajaj da Jincheng, bolt 12 ne. Ƙarfin wuta ya canja, amma wuraren da waya ke cin amana suna nan yadda suke.

To, da magariba sai a kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a fuskantar da shi ga bango, a tayar da inji, a kunna fitila. A fara da bugun gilashinta da tafin hannu a hankali. In ta yi ƙyafta, to ɓarawon yana cikin ƙoƙon fitilar. Ƙwan yana da zare biyu, na ful da na dim, kuma zaren da ya tsinke yakan koma ya manne in an girgiza shi, ya yi haske kamar lafiyayye, sai an faɗa rami ya sake rabuwa. In ɗaya ke mutuwa ɗaya na aiki, zargi ya tsaya a kan zaren nan, ko wayarsa, ko maɓallin da ke sauya ful da dim. In kuwa duka biyu ke tafiya tare, da wuya laifin ya zama na zare. A duba gindin ƙwan da mazauninsa, watau inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe, ko ya yi baƙi, ko ya saki, ko robar ta narke.

Daga nan sai a juya kan babur dama har ƙarshe, a juya hagu har ƙarshe, ido yana kan bango. Nan ne aka fi kama mai laifi. Dukan wayoyin da ke zuwa fitila ta wuyan babur suke bi, kuma duk karya kan da aka yi sai sun lanƙwashe sun miƙe, yau da gobe har jan ƙarfen da ke ciki ya karye, alhali robar waje tana nan sumul ba ko ƙwarzane. In kan yana tsaye sai bakin karayar ya haɗu wuta ta wuce, in an karya sai ya rabu. Shi ya sa fitilar ke zaɓen kwana, daidai wurin da aka fi bukatarta. A bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ana murzawa da yatsu, ana ja kaɗan. Wadda ta karye a ciki takan miƙe kamar danƙo a wurin karayar.

A nan ma na'urar awon wuta tana iya yaudarar bakanike. Wayar da ta rage sili ɗaya tak za ta nuna bolt 12 cif, domin na'urar ba ta jan wutar kirki. Amma ƙwai mai wat 35 yana jan kusan amfiya 3, sili ɗaya kuwa ba zai ɗauke su ba. Saboda haka gwaji da ƙwan fitila mai waya biyu ya fi faɗin gaskiya.

Sai kuma wayar at, wadda ke mayar da wuta jikin babur, ita ce aka fi mantawa da ita. Ruwan damina na Ikko da Badun yakan sa notinta ya yi tsatsa, ƙurar hunturu ta Arewa kuma ta shiga maɓallai ta haɗu da maiƙo ta zama datti. Gwajinta ba wuya: a ɗauki guntun waya, a ɗora baki ɗaya a ƙarfen mazaunin ƙwai, ɗaya a wani noti mai tsabta na jikin inji. In haske ya tsaya cak, ko ya ƙaru, an gano ta. Sai a kwance notin, a kankare wurin har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. Amma fa a yi hattara da launi, domin kowane kamfani da al'adarsa: koriyar waya a Honda ita ce at, a Yamaha kuwa at baƙa ce, koriya ta dim ce. Wanda ya yanka bisa zato ya yi gyaran gangar Auzinawa.

In fitila da danja da ham suna mutuwa lokaci guda, a bar ƙoƙon fitila a huta, a koma baya: kawunan batir da suka saki, fis da ke rawa a gidansa, ko makullin da ya tsufa, wanda ake ganewa in an jijjiga shi fitila ta yi ƙyafta. Masu naɗe fis da takardar azurfa ta kwalin sigari su tuna cewa wayoyin nan a ƙarƙashin tankin mai suke bi, fis ɗin kuwa don ya ƙone a madadin babur aka sa shi. In kuma ƙwai ke ƙonewa a kai a kai, yana yin haske fiye da kima in an ba da wuta, to a auna regileta. Lafiyayyen batir yakan nuna wajen bolt 12.6 in inji na kashe, in yana aiki kuwa tsakanin 13.5 da 14.5, abin da ya zarce 15 ɓarna ce. Ƙwan LED da ake yayi yanzu shi ma yakan yi ta ƙyafce-ƙyafce in an sa shi a babur mai shan wuta kai tsaye daga koyil, sai fa wanda aka ƙera domin irinsa.

In an sami wayar da ta karye a wuya, kada a yarda a murɗe ta da haƙori a naɗe da leda. A yanke wurin, a sa sabon guntu mai kauri ɗaya da ita, a like da dalma nesa da inda take lanƙwasa, a naɗe da tef, a kuma bar mata isasshen tsawo yadda kan babur zai juya ba tare da ya ja ta ba. Sa'an nan kafin a biya kuɗin gyara a sake fuskantar bango, a buga gilashi, a juya kai dama da hagu, a sauya ful da dim, bakanike yana tsaye yana kallo.