Me Ya Sa Aka Jefa Wa Japan Bom Ɗin Ƙare-Dangi, Aka Ƙyale Jamus?

Duk lokacin da aka tayar da zancen makaman nukiliya, kamar yadda aka yi a 2024 da ƙungiyar Nihon Hidankyo ta waɗanda suka tsira daga harin Hiroshima da Nagasaki ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya, akwai tambayar da ba ta barin bakin 'yan boko: me ya sa Amurka ta jefa wa Japan bom ɗin atom, ta ƙyale Jamus? Amsar da aka fi bayarwa ita ce Jamusawa farar fata ne, Japanawa kuwa 'yan Asiya. Amsar tana da daɗin faɗa, amma a ganina ta ɗauki rabin gaskiya ne ta bar rabi.

Bari mu faro daga tushe. Tsoron Jamus ne ya haifi wannan makami. A Balin ne, cikin Disamban 1938, Otto Hahn da Fritz Strassmann suka gano cewa ana iya tsaga ƙwayar zarrar yuraniyom. A Agustan 1939 Albert Einstein ya sa hannu a wasiƙar da ta gargaɗi Shugaba Roosevelt cewa Hitila zai iya riga kowa ƙera bom. Da yawa daga cikin masanan da suka shiga Shirin Manhattan a 1942 Yahudawa ne da suka gudo daga Turai, kuma Jamus ce a ransu.

Sai dai lokaci bai jira su ba. Jamus ta miƙa wuya ranar 8 ga Mayu, 1945, alhali ba a gwada bom na farko a hamadar New Mexico ba sai ranar 16 ga Yuli. Wato ko da makamin ya nuna, aikin gama ya gama a Turai. Kada kuma mai karatu ya ɗauka tausayi ne ya kare Jamusawa. An ƙone Hamburg a 1943, an ƙone Dresden a Fabrairun 1945, inda mutum kusan 25,000 suka halaka cikin 'yan kwanaki. Farar fata ba ta tsare su daga ruwan wuta ba.

To amma a nan gizo ke saƙar. Takardun da aka buɗe daga baya sun nuna an fara kallon Japan tun Hitila na da sauran ƙarfi. A Mayun 1943 kwamitin soja mai kula da shirin ya ambaci jiragen ruwan yaƙin Japan da ke tsibirin Truk a matsayin wurin harin farko. Hujjarsa ita ce, in bom ya ƙi fashewa zai nutse a teku, kuma Japanawa ba za su iya gano sirrinsa kamar Jamusawa ba. Ashe dai wargi wuri yake samu: an ji shakkar mai ilmin ramawa, an auna wanda ake gani ba shi da shi. A Satumban 1944 Roosevelt da Churchill suka rattaba hannu a takardar da ta ambaci Japan ƙarara. A Nuwamban wannan shekara kuma, 'yan leƙen asirin kimiyya na Amurka suka gano a Strasbourg cewa Jamus ba ta ko kusa da ƙera bom. Dalilin farko ya faɗi ke nan, amma ba a tsaya ba. Joseph Rotblat ne ya ajiye aikin ya tafi, sauran suka ci gaba.

Me ya hana a tsaya? An riga an kashe dala biliyan biyu, wadda dole a yi wa majalisa bayaninta. Yaƙin Okinawa ya ci sojan Amurka fiye da 12,000, abin da ya sa ana fargabar shiga Japan ta ƙasa. Ga kuma Tarayyar Sobiyet da ake son nuna wa kwanji. Don haka shawarar da wasu masana suka bayar a Yunin 1945, cewa a fara nuna ƙarfin bom ɗin a wurin da babu mutane, ba ta samu shiga ba.

Ina launin fata ya shigo? A matsayina na mai nazarin harshe, a cikin kalmomi nake ganinsa. Jaridun Amurka na lokacin sun bambanta 'yan Nazi da sauran Jamusawa, wato sun bar ƙofar cewa akwai Bajamushen kirki. Japanawa kuwa an yi musu kuɗin goro, ana zana su a siffar birai da ɓeraye da ƙwari. Masanin tarihi John Dower ya tattara irin waɗannan misalai a littafinsa na 1986. A aikace ma, tun 1942 aka kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan aka tsare a sansanoni, galibinsu 'yan ƙasar Amurka, alhali 'yan asalin Jamus ɗaiɗaiku aka kama. Kwana biyu bayan Nagasaki, Shugaba Truman ya rubuta wa wani jagoran coci cewa dabba sai a bi da ita a matsayin dabba.

Saboda haka ra'ayina shi ne, lokaci da lissafin soja ne suka zaɓi Japan, amma harshe ne ya kwantar da zuciyar masu jefawa. Ba zan ce da Jamus ta daɗe tana yaƙi da ta tsira ba. Abin da nake cewa shi ne, an hallaka mutum kusan 140,000 a Hiroshima da kusan 70,000 a Nagasaki ba tare da dogon jinkiri ba, domin an riga an cire su daga sahun 'yan Adam tun a baki.

Yau ƙasashe tara ake lissafawa da wannan makami. Duk shugaban da ya fara kiran wata al'umma ƙwari ko dabbobi, kamar yadda aka kira 'yan Tutsi kyankyasai kafin kisan Ruwanda na 1994, to a saurare shi da kunnen tsoro. Magabata sun ce baki shi ke yanka wuya. Allah Ya kyauta.