Rangadin masu ƙananan sana'o'i: a je da kunne, a je da aljihu

Wata al'ada tana samun gindin zama a biranenmu: magajin gari ko majalisar ƴan kasuwa su shirya rangadi, a kwashi manyan ma'aikata da alhazai a kai su wurin majema, dukawa, masu walda da mata masu man gyaɗa. Niyyar tana da kyau. Abin tambaya shi ne me ke saura hannun mai sana'a bayan motoci sun tashi.

Mu ɗauki Maraɗi. Fatar jar akuyarmu ta yi suna har Turai saboda laushi da ƙarko. Majemi yana jiƙa ta, ya kankare gashi, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa kwanaki, sannan baduku ya mayar da ita takalmi, jaka ko gafaka. Amma fata da yawa tana ƙetare iyaka ɗanya zuwa Kano, ribar jima da ta ɗinki ta tsaya can. Mai rangadin da ya tsaya a majema ya tambayi dalili zai ji amsa ɗaya: dillali yana biya nan take, shi kuwa majemi ba shi da jarin da zai jira.

Haka mai walda. Da aka yanke wutar da ke zo mana daga Nijeriya a watan Agusta 2023, ya wuni zaune, yaran aiki suna jiran kuɗin abinci. Mai man gyaɗa kuma ta san abin da rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020 ya yi wa cinikinta. Dattawansu ba su manta da karyewar darajar sefa ta Janairu 1994 ba, lokacin da kuɗin kayan aikin da ake shigowa da su ya yi tsalle. Waɗannan mutane suna da abin faɗi, in an ba su dama.

Sai dai da yawansu in sun ga ayarin hukuma gabansu faɗuwa yake. Suna zaton an zo ƙidayar injuna ne domin patanti, sai su ɓoye rabin kaya, su ce komai lafiya. Wajibi ne masu shirya rangadi su bayyana tun da wuri cewa ba lampo ya kawo su ba, kuma su cika alkawari.

Na biyu, a bar wurin aiki yadda yake. In aka share, aka shimfiɗa tabarmi, aka kira makaɗa, baƙi sun ga biki, ba su ga sana'a ba.

Na uku, kuma mafi girma, a tafi da masu saye. Ma'aikacin da ke sa hannu kan odar teburan lakol ya auna aikin kafintan unguwa kafin ya nemi na waje. Alhajin da ke da kanti a babbar kasuwa ya ɗauki man gyaɗa ko da tulu goma ne, ya biya a kan lokaci. Odar jika ɗari biyar tana riƙe yara uku a wurin aiki, abin da jawabi ba ya yi.

A ƙarshe a rubuta koke-koken da aka ji, a sa ranar dawowa da amsa. Mai sana'a ba sadaka yake nema ba, kasuwa yake nema. Allah ya sa masu hukunci su ji.