Kafin Ka Sayi Azara, Tambayi Asalinta

Duk magidancin da ya ɗaura niyyar gini, farashi yake fara tambaya: nawa buhun siminti, nawa kwanon rufi, nawa azara. Akwai tambaya guda da ake mantawa da ita: daga ina kayan suka fito?

Mu ɗauki azara. Daga giginya ake tsaga ta, magina kuma suna son ta domin gara ba ta cin ta da wuri. Sai dai giginya tana shekaru da dama kafin ta isa sara. Dajin giginya na Dallol Mawri, a yankin Gaya, ya sha gatari saboda rufin gidajen birane. Wanda ya sayi azarar da aka sare ba da izini ba don ya ga araha, da hannunsa cikin ɓarnar.

Akwai mafita. Tun 1980 aka fara gini ba da katako ba a Cikal, inda ake rufa ɗaki da tubalin ƙasa zalla, a yi shi kamar ƙubba. A Dandaji, cikin jihar Tawa, an kammala sabon masallaci a 2018 da tubalin jar ƙasar yankin da aka matse da inji. Irin wannan ɗaki ya fi na kwano sanyi lokacin bazara, kuɗin aikin kuma yana zama hannun maginan gari.

Saboda haka, maigida, ka nemi takardar izinin sara wurin mai azara, ka kuma shawarci magini kan tubalin ƙasa. Itacen da muka tarar amana ne, jikoki ma suna da rabo a cikinsa.