Birni Ya Cinye Ɗanbare, Me Ya Rage Wa Mai Gona?

Duk wanda ya bi titin Gwarzo daga Kabuga ya nufi yamma, ya wuce Rijiyar Zaki da Rimin Gata har ya kai Ɗanbare, ba zai iya nuna inda birnin Kano ya ƙare ƙauye ya fara ba. Gida ne jikin gida, shago jikin shago, ga tifofi suna ta sauke yashi. Alhali dattawan wannan yanki da ransu da lafiyarsu suna iya nuna wa mutum inda gandunsu yake a da, inda ake shuka gero da dawa da wake a ƙarƙashin ɗorawa da gawo, da burtalin da shanu ke bi. A wancan zamani jakuna ne ke kai itace cikin birni su komo da taki, birni na ciyar da gona, gona na ciyar da birni.

Ba a ɓoye yake ba abin da ya kawo wannan sauyi. Tun da Jami'ar Bayero ta buɗe sabon matsuguninta a kan wannan titi cikin shekarun 1980, ma'aikata da ɗalibai suka shiga neman wurin kwana a kusa. Sannan cikin birni ya cika ya batse, kuɗin haya ya gagari talaka, sai jama'a suka yo waje. A ƙidayar 1991 mutanen ƙaramar hukumar Ungogo, inda Rijiyar Zaki take, ba su kai dubu 170 ba, amma a ƙidayar 2006 sun haura dubu 360. Kumbotso, wadda Ɗanbare ke cikinta, ita ma ta doshi dubu 300 a 2006. Bunƙasar gari ba laifi ba ce, kuma babu mai ikon tare ta. Abin tambaya shi ne, wa ya ci ribarta, wa kuma aka bari da cizon yatsa?

A fara da mai gona. Dillalai sun zo sun yi masa tayin kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba, ya sallama. Ya gyara ɗaki, ya aurar da 'ya, ya saya wa ɗansa babur don ya yi acaɓa, saura kuma suka bi ruwa. To, a 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni da kewaye. Babur ya tsufa, kuɗi sun ƙare, gona kuwa ba ta dawowa. Mutumin da rumbunsa ke kai shi wata damina yau shi ne ke awon kwano a kasuwa, ɗansa kuma na leburanci, yana ɗaukar bulo a kan ƙasar da kakansa ya nome, ko yana gadin gidan da aka gina a kanta. Wanda ya saya kuwa bai yi komai ba illa ya kafa turaku ya jira, bayan 'yan shekaru ya sayar da fuloti biyu ko uku ya mayar da kuɗinsa, sauran duk riba.

Wanda bai sayar ba ma hankalinsa ba a kwance yake ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Idan hukuma ta karɓi gona don aikin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta amfanin da ke kai ce, wato shuka da itatuwa da gini, ita ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Manomi ya san haka sarai. Don haka da zarar ya ga ma'aikatan safiyo sun fara zirga-zirga a kusa, sai ya yi maza ya kira masu igiya su yanka kafin a riga shi. Tsoro ne ke sayar da gonaki da yawa, ba kwaɗayi kaɗai ba.

Nan ne aka haifi awon igiya, kuma lissafinsa a fili yake. Hekta ɗaya tana ba da fuloti sama da 40 masu ƙafa 50 da 50, muddin ba a bar hanya ba. Kowace hanya da aka fitar, kowane fili da aka ware don makaranta ko asibiti ko maƙabarta, kuɗi ne suka fita daga aljihun mai yanka. Shi ya sa ake samun lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, da unguwar da babu magudanar ruwa, da rijiyar wannan gida a jikin shaddar wancan. Damina na sauka ruwa ya rasa hanyarsa ta asali ya afka ɗakunan mutane. Idan aka yi rasuwa a ɗauki gawa a yi ta tafiya ana neman inda za a binne. Hukumar tsara birane ta KNUPDA kuma sau da yawa sai gini ya kai linta sannan a ga jan fenti a bango. Abin da ya faru a Rimin Zakara cikin Fabrairun 2025, inda rusau a kan filin da aka daɗe ana jayayya tsakanin mutanen garin da Jami'ar Bayero ya kai ga asarar rayuka, ya isa ishara ga mai hankali. Tun ran gini ran zane.

Akwai kuma zaluncin cikin gida wanda ba a cika faɗa ba. Gonar gado da aka bari shekara da shekaru ba a raba ba saboda ba ta da wata daraja, yau ta zama miliyoyi. Sai babban wa ya haɗa baki da dillali ya sayar, mata da marayu su ji labari a bakin maƙwabta, ko a ba su abin da aka ga dama a ce su yi haƙuri. Sau nawa aka sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu? Zumunci nawa ya tsinke a gaban alƙali? Kowane ɗalibin Islamiyya ya san tsananin gargaɗin da ya zo a kan cin taƙi ɗaya na ƙasar wani, balle rabon maraya.

To, 'yan uwa matasa, galibi ku ne masu riƙe igiyar nan, ku ne shaidu, ku ne kuma magadan. Kada saurayi ya matsa wa mahaifinsa lamba a sayar da gona don abin hawa ko kayan lefe. Idan sayarwa ta zama dole, a raba gado tukuna, kowace mace ta san rabonta, a rubuta takarda a gaban mai unguwa da shaidu. A sayar da sashe a riƙe sashe, a gina shago ko ɗakunan haya da za su riƙa kawo wani abu duk wata. Samarin unguwa su haɗa kai su tsaya a kan cewa ba a yanka gona sai an fitar da hanya mai faɗi da filin makaranta da maƙabarta, tun ƙasa tana da sauƙi. Sannan a koyi sana'ar da sabuwar unguwa ke nema, gini da walda da aikin famfo da haɗa wuta, domin kada baƙo ya zo ya ci aikin ɗan gari yana zaune a dakali.

Ita kuma hukuma, wajibinta ne ta riga gini isa wuri, ta shata hanyoyi, ta ba mai gona fulotai a cikin gonarsa, maimakon ta jira talaka ya zuba guminsa sannan ta aiko da katafila. Mutanen Janguza da Langel da sauran garuruwan da ke gaba a kan wannan titi su dubi Ɗanbare da kyau, domin idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya sa a gyara tun akwai sauran fili.