Tafi a Zaure, Gunaguni a Waje: Yadda Alkawarin Rage Haraji Ya Ci Kujerar Liz Truss

Ranar Alhamis, 20 ga watan Oktoba na 2022, firaministar Birtaniya Liz Truss ta tsaya a ƙofar fadarta da ke titin Downing a birnin Landan, ta sanar da yin murabus. Kwana 15 kacal kafin nan, 'yan jam'iyyarta ta Conservative sun miƙe tsaye a zauren taro na birnin Birmingham suna yi mata tafi, bayan ta kammala jawabin rufe babban taronsu na shekara-shekara. Duk wanda ya bibiyi yadda jama'a suka karɓi wancan jawabi zai gane cewa tambaya guda ce ta kayar da ita: idan an rage haraji, wa zai cike giɓin? Ba ta amsa ta a kasafin kuɗi ba, ba ta kuma amsa ta a kan mumbarin taro ba.

Alkawarin da aka ɗauka

Truss ta hau mulki ranar 6 ga Satumba, bayan ta doke Rishi Sunak a zaɓen cikin gida da ƙuri'a 81,326, shi kuwa ya samu 60,399. Babban abin da ta yi yaƙin neman zaɓe da shi shi ne rage haraji nan take. Sunak ya yi ta gargaɗin cewa cin bashi domin rage haraji zai ƙara hauhawar farashi da kuɗin ruwa, amma 'yan jam'iyya suka zaɓi maganar da ta fi daɗin ji.

Ranar 23 ga Satumba ministan kuɗinta, Kwasi Kwarteng, ya gabatar wa majalisa ƙaramin kasafi mai ɗauke da ragin haraji na kimanin fam biliyan 45, irin wanda ƙasar ba ta gani ba tun 1972. Ya soke harajin kashi 45 cikin ɗari da ake karɓa a lokacin daga abin da mutum ya samu sama da fam 150,000 a shekara. Ya yi alkawarin sauko da harajin gama-gari daga kashi 20 zuwa 19. Ya fasa ƙara harajin kamfanoni daga kashi 19 zuwa 25, ya janye ƙarin da aka yi a kuɗin inshorar ƙasa, sannan ya cire iyakar da aka sa wa garaɓasar manyan ma'aikatan banki. Duk wannan ya zo ne a kan wani shirin tallafin kuɗin gas da lantarki da aka ƙiyasta zai ci fam biliyan 60 cikin wata shida na farko. Ba a nuna inda za a rage kashe kuɗi ba, ba a kuma bar hukumar da ke tantance lissafin kasafin gwamnati ta fitar da hasashenta ba.

Abin da ta faɗa a Birmingham

Tun kafin ta hau mumbari, taron ya riga ya dagule. Michael Gove, jigo a jam'iyyar, ya fito a talabijin ya ce cin bashi domin rage wa masu kuɗi haraji ya saɓa wa aƙidar Conservative. Da gwamnati ta ga alamar 'yan majalisarta za su ƙi goyon baya, sai Kwarteng ya janye batun harajin kashi 45 da safiyar 3 ga Oktoba, kwana ɗaya bayan Truss ta jaddada cewa babu ja da baya. Ministoci suka shiga musayar yawu a bainar jama'a: Penny Mordaunt ta ce ya kamata a ƙara kuɗin tallafin marasa galihu daidai da hauhawar farashi, Suella Braverman kuma ta zargi masu adawa daga cikin gida da yunƙurin juyin mulki.

A cikin wannan yanayi ne Truss ta yi jawabinta ranar Laraba, 5 ga Oktoba. Ta ce abubuwa uku ta sa a gaba, sai ta maimaita kalma ɗaya sau uku, wato bunƙasar tattalin arziki. Ta ce rage haraji shi ne daidai ta fuskar ɗabi'a da ta tattalin arziki, kuma maimakon a tsaya jayayya kan rabon abin da ke akwai, gara a ƙara yawansa domin kason kowa ya ƙaru. Daga nan ta tattara jam'iyyun adawa, da ƙungiyoyin ƙwadago, da masu fafutukar kare muhalli, da wasu cibiyoyin bincike, ta kira su gungun masu adawa da ci gaba.

Ana tsakiyar jawabin, wasu mata biyu 'yan ƙungiyar Greenpeace suka miƙe da ƙyalle ɗauke da tambayar wa ya zaɓi wannan. Jami'an tsaro suka fitar da su, zaure ya ɗauki shewa, Truss ma ta samu ƙarfin gwiwa. Sai dai hoton ƙyallen ya yaɗu sosai a kafafen sadarwa, domin ya taɓa inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Jam'iyyar ta ci zaɓen 2019 ne ƙarƙashin Boris Johnson bisa wasu alkawura dabam. Sabuwar alƙiblar kuwa mutum dubu 81 da 'yan kai ne suka amince da ita, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 67.

Masu sauraro uku

Ya kamata mai karatu ya lura cewa jawabin yana da masu sauraro iri uku, kuma kowanne da ma'auninsa.

Na farko su ne na cikin zaure. Waɗannan sun je ne domin su ji abin da suka riga suka yi imani da shi, don haka tafinsu bai zama shaida a kan komai ba face soyayyar da ke tsakanin shugaba da waɗanda suka ɗora shi.

Na biyu su ne masu bai wa gwamnati bashi. Gwamnatin da ta rage kuɗin shigarta ba tare da ta rage kashewa ba dole ta sayar da takardun lamuni, masu saye kuwa idan suka yi shakkar lissafinta sai su nemi ƙarin riba. Haka aka yi. Ranar 26 ga Satumba darajar fam ta faɗi zuwa kusan dala 1.03, mafi ƙasƙanci a tarihinta. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fitar da sanarwar da ba kasafai yake yi wa ƙasa mai arziki irinta ba, yana cewa matakan za su iya faɗaɗa tazarar da ke tsakanin mawadata da talakawa. Ranar 28 ga wata Babban Bankin Ingila ya shiga tsakani da shirin sayen takardun lamuni har na fam biliyan 65, domin wasu asusun fansho sun kusa durƙushewa. Jawabin Birmingham bai kawo alƙaluma ko ɗaya da zai kwantar wa waɗannan hankali ba.

Na uku su ne magidanta, kuma hukuncinsu ne ya fi nauyi. Mafi yawan masu bashin sayen gida a Birtaniya sukan ƙulla yarjejeniyar kuɗin ruwa na shekara biyu ko biyar, daga nan su sabunta. Da kuɗin ruwan bashin gwamnati ya tashi, bankuna suka janye ɗaruruwan tsare-tsarensu na bashin gida, kuma a ranar da Truss ke jawabi matsakaicin ruwan yarjejeniyar shekara biyu ya haura kashi 6 cikin ɗari, karo na farko tun 2008. Magidancin da aka yi wa alkawarin ragin kashi 1 a harajinsa sai ya tarar da cewa ƙarin da banki zai yi masa ya lashe ragin ya kuma ɗora. Ga hauhawar farashi da ta kai kashi 10.1 cikin ɗari a watan Satumba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba ya buƙatar masanin tattalin arziki ya gaya masa.

Akwai kuma batun adalci. Cibiyar bincike ta Resolution Foundation ta lissafa cewa kusan rabin amfanin ragin zai tafi ne ga kashi 5 cikin ɗari mafi arziki na gidajen ƙasar. Soke harajin kashi 45 bai wuce kimanin fam biliyan 2 daga cikin biliyan 45 ba, amma shi ya fi tunzura jama'a, domin ya zo a lokacin da gwamnati ta ƙi tabbatar da cewa tallafin marasa galihu zai bi tashin farashi. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta YouGov a ƙarshen Satumba ta nuna jam'iyyar Labour tana gaba da maki 33, kuma jawabin bai rufe wannan rata ba.

A bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu

Ba duk abin da Truss ta faɗa ne shirme ba. Tattalin arzikin Birtaniya yana tafiyar hawainiya tun bayan rikicin kuɗi na 2008, kuma nauyin haraji yana dosar matakin da ba a gani ba cikin shekaru masu yawa. A 2022 kuɗin ruwa yana ta tashi a ko'ina saboda matakan babban bankin Amurka, yaƙin Ukraine kuma ya tsadantar da makamashi. Magoya bayanta suna da hujja idan suka ce ba ita ta haifar da duk waɗannan ba. Laifinta shi ne ta ga hadari ya haɗo amma ta yaye rufin ɗaki: gwamnatinta ta sallami babban sakataren baitulmali, Tom Scholar, a makonta na farko, ta kauce wa masu tantance lissafi, sannan ta sanya duk mai tambaya cikin sahun maƙiya ci gaba.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Ranar 12 ga Oktoba ta tabbatar wa majalisa cewa ba za a rage kuɗin ayyukan gwamnati ba. Ranar 14 ta sallami Kwarteng bayan kwana 38 a ofis, ta amince a ƙara harajin kamfanoni. Ranar 17 sabon ministan kuɗi, Jeremy Hunt, ya soke mafi yawan abin da ya rage, ya bar harajin gama-gari a kashi 20, ya taƙaita tallafin makamashi zuwa Afrilun 2023 maimakon shekara biyu, ya kuma yi gargaɗin cewa tsuke bakin aljihu na tafe. Bayan kwana uku ta ajiye aiki, ta zama firaministar da ta fi kowa gajartar mulki a tarihin ƙasar, inda ta karɓe wannan matsayi daga George Canning da ya rasu a 1827 bayan kwana 119.

Kayan da aka bari

Alkawari kaya ne, na haraji kuwa ya fi saura nauyi, domin dukiyar da ake magana a kanta amanar jama'a ce. Duk shugaban da ya ce zai rage abin da yake karɓa, wajibi ne ya bayyana ɗaya daga cikin uku: aikin da zai daina, ko wanda zai ƙara wa haraji, ko bashin da zai ci da ranar biyansa. Jama'ar Birtaniya ba su ƙi ragin haraji ba. Sun ƙi a ɓoye musu lissafi ne, kuma sun gano cewa abin da aka ba su da hannun dama ana karɓewa da na hagu.

Bayan murabus ɗin nata, jam'iyyar Conservative ta ce za ta fitar da sabon shugaba cikin mako guda, yayin da jagoran Labour na lokacin, Keir Starmer, ya nemi a kira babban zaɓe. Wanda ya gaji kujerar ya tarar da giɓin kasafi da dole a cike, da magidanta masu jiran ranar sabunta bashin gidajensu, da kuma hunturu mai tsadar gas. Waɗannan ne suka zama ma'aunin alkawarinsa na farko.