Kasuwar Mai Tumatir Ɗaya

'Yan'uwa ɗalibai, ni dai na ce wannan ba gasa ba ce, babakere ne. Kamfanin EA ya kame sunayen ƙungiyoyin Firimiyar Ingila, har Konami ya daɗe yana kiran Manchester City "Man Blue". A 2019 Konami ya rama, ya kame Juventus, EA ya koma ce mata "Piemonte Calcio". Kuɗin gyaran wasa sun tafi wajen toshe wa juna ƙofa. Wa ke biya? Yaron Mashi mai tara canjin aike don buga PlayStation. In mai tumatir ɗaya ne a kasuwa, ruɓaɓɓe ma sai ya ƙare. Mu daina sayen tsohon wasa don an canja masa riga!